Motar da Yaya Sani Ya Tayar a Tsakar Gidanmu

Da damanar bana yayana, Mamman Sani, ya cika shekara talatin da biyar da rasuwa. Waɗanda suka san shi a Damagaram, wato Zinder, sun kusa ƙarewa. In na ambaci sunansa a gidan suna ko na biki, sai mata su gyaɗa kai don ganin furfurata kawai. Amma in na ce mai Ba Ta Jira, akan sami tsohuwa ɗaya da za ta ɗago kai ta ce, "Allah sarki, motar nan!" Sunan da mutanen gari suka sa wa motarsa ke nan. Ni ce Hauwa, ƙanwarsa mai bi masa, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga yadda ta tashi da yadda ta ƙare.

Mahaifinmu baduku ne a cikin Birni, haka ma kakanmu. Yaya Sani ya ƙi fata tun yana saurayi, ya bi garajin Nasara, daga wankin ƙarafa har ya zama makaniki. Baba bai taɓa yafe masa wannan da baki ba. A lokacin ina aure a gidan da ke bayan namu, katanga ce kawai tsakani, don haka duk abin da ya faru a tsakar gidan nan a kunnena yake.

Motar tsohuwar motar soja ce da ta saura tun zamanin babban yaƙi. An yasar da ita bayan bariki, kaji har sun mai da ita akurki. Da aka yi gwanjon tarkace sai Yaya ya ɗauke ta. Da shanun noma aka jawo ta, ba taya ko ɗaya mai iska, kuma da yake ba ta shiga ta zaure, sai da aka fasa katangar gabas. Baba ya fito da wuƙar yankan fata a hannu, ya tsaya yana kallon ƙasar da ta zube.

Ya ce, "Sani, gawa ka kawo mini gida?"

Yaya ya ce, "Baba, ba ta mutu ba. Suma ta yi."

Baba ya koma zaure, ya daɗe bai sake yi masa magana ba.

Abin da ya fi cin ran Yaya a aikin nan wayoyi ne. Wayoyin motocin da, da zare ake naɗe su, ɓeraye da gara kuwa sun cinye zaren tas, sai jan ƙarfe tsirara yana taɓa juna. Ya zare su gaba ɗaya, ya tara a ƙwarya. Sababbi kuma babu su a Zinder. Sai ya riƙa tare direbobin Kano masu zuwa ɗaukar gyaɗa, wannan ya ba shi guntu, wancan ya kawo masa wani a zuwa na gaba. Matsalar ita ce duk baƙaƙe ne, ba ka gane ta fitila da ta batir. Ranar da ya fara haɗawa ya rikita biyu, hayaƙi ya tashi, ya kai hannu ya fizge, tafinsa ya ƙone. Aikin wata da watanni ya narke a gabansa. Matarsa Mairo ta shafa masa magani tana faɗa, shi kuwa idonsa na kan motar.

Daga nan ya fara tsintar guntayen fata a zauren Baba, yana ɗaura wa kowace waya alama: ja ta fitila, rawaya ta batir, koriya ta ƙaho. Yanka fata kuwa bai iya ba, duk a karkace suke fitowa. Wata safiya ya tarar da tarin tsirkiyoyin fata a kan kujerar motar, an yanke su sirara, kai ɗaya, an ware kowane launi daban. Bai tambaya ba, Baba ma bai ce komai ba. Iyakar sulhun da na san sun yi ke nan.

Bai tsaya ga tayar da ita ba, so yake ta fi kowace gudu. Ya samo injin wata kamyo, babbar motar kaya, da ta faɗi a hanyar Magarya, ya dasa mata, da ya ƙi shiga sai ya yanke murfin gaba ya bar kansa a waje. Ya cire rufi, ya cire duk ƙarfen da ya ga nauyi ne kawai, ya shafe ta da jan fenti. Rani biyu ya yi a kai. Mairo takan leƙo ta katanga ta ce mini, "Hauwa, yayanki ya fi sanin kukan ƙarfe da kukan 'yarsa." 'Yar tasu, Rabi, a lokacin tana goye.

Ranar da ta tashi, bayan la'asar ne. Ƙarar ta sa tantabarun unguwa suka watse, awaki suka tsinke igiya, maƙwabta suka cika gidan. Na ga Baba a bakin zaure yana ɓoye murmushi da hannun riga. Ran kasuwar Mirriya ya ɗauke ni da Mairo. Ban taɓa sanin iska na iya dukan fuska haka ba. Kallabina ya tashi tun kafin mu bar duwatsun gari, na yi ta ihu ya tsaya, shi kuwa sai dariya yake. Ban sake ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga Zinder ta yau. Babura sun cika titi, isansi, wato fetur, a kwalabe a kowace kusurwa, motocin Mirriya na lodi ba dare ba rana. Jikana yana gyaran mota a Zango, ya ce mini na yanzu in waya ta lalace, akwatin wayoyin ake cirewa dungum a sa sabo, ba mai bin ta da hannu. Ina jin Yaya zai yi tsaki, sa'an nan ya jawo kujera ya zauna ya ce a buɗe masa akwatin ya gani. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne motocin jam'iyyu masu lasifika, in zaɓe ya matso, da samarin da ke tuƙa su suna murna. Ni dai in na gan su nakan koma cikin gida.

Domin ta nan abin ya zo mana. Shekarar da aka tambayi mutane ko a ci gaba da zama da Faransa ko a rabu nan take, gari ya rabu biyu. Yaya yana da aboki tun na ƙuruciya, Isyaku, akawu ne a wurin sayen gyaɗa, mai baki, kuma yana cikin masu cewa a rabu. Motoci a lokacin na Nasara ne ko na manyan 'yan kasuwa, ba mai ba su aro. Sai Isyaku ya zo wurin abokinsa. Yaya ya ce shi bai san siyasa ba, inji ya sani. Amma aka ce masa hanyar Zermu yashi ne, ba motar da za ta iya, sai ya ce tasa za ta iya. Haka ya yi ta kai su Zermu, da Garagumsa, da ƙauyukan da ban san sunansu ba. Su suna jawabi a gindin bishiya, shi yana ƙarƙashin mota yana ɗaure ƙusa. Jar mota mai kai a waje kuwa ba ta ɓuya. Duk inda ta je an san ta je.

Ɓangarensu ya faɗi. Bayan haka 'yancin kai ya zo, aka yi kiɗa, aka ɗaga tuta, mu ma mun yi guɗa da zuciya ɗaya. Ba a jima ba aka fara ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka san sun tsaya a wancan ɓangaren. Sai ka ji an ce wane bai kwana gida ba, kuma ba mai tambaya da ƙarfi.

Wata Juma'a da hantsi Isyaku ya shigo gidanmu ta ƙofar baya, ba hula, ƙafarsa duk ƙura. Ina wurin, na kawo wa Baba kunu don ba ya jin daɗi. Ya ce an je gidansa, ya tsallake katanga.

Ya ce, "Sani, in ban ƙetare iyaka yau ba, shi ke nan."

Mairo ta riƙe rigar mijinta. Ta ce, "Malam, dubi Rabi. Dubi Baba a kwance. Kowa ya san motar nan."

Ni ma na ce, "Yaya, a nema masa raƙumi ko jaki, ya bi daji."

Yaya ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Kafin jaki ya kai an kama shi. Ya shigo gidan ubana, Hauwa. In ce masa me?"

Ya jira har gari ya tafi masallaci, ya kwantar da Isyaku a baya, ya rufe shi da fatun Baba, ya fita. An ce masu kaki sun bi su, an ce ƙurarsa kawai suka gani. Ya sauke shi a wani ƙauye bayan iyaka. Daga baya muka ji Isyaku ya roƙe shi su wuce Kano tare, ya ƙi, ya ce ya bar tsoho ba lafiya. Kashegari da rana ya dawo. Masu kaki suna zaune a zaurenmu suna jiransa. Ya kashe mota, ya miƙa musu makulli, ya roƙi a bar shi ya gaida Baba. Ba su bar shi ba.

Shekarun da ya yi a gidan kaso ba na son lissafa su. Da farko ma ba mu san inda yake ba, sai daga baya aka ce can arewa ne, cikin hamada. Baba ya rasu a shekarar farko. Mairo ta jira iyakar jiranta, har danginta suka zo suka raba auren, kuma ban ga laifinta ba. Rabi ta dawo hannuna. Motar kuwa aka ajiye ta a farfajiyar wani biro, ofishin hukuma, rana na dukanta, yau a cire fitila, gobe a cire taya. Nakan zaga ta doguwar hanya in za ni kasuwa don kada in gan ta.

Da ya dawo, sai da ya yi magana na gane shi. Haƙoransa na gaba babu, kuma hannayensa rawa suke, ba sa tsayawa ko yana barci. Bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba. Rabi ta ɓuya bayana, ta ƙi zuwa wurinsa.

Bayan wani lokaci aka aiko ya zo ya kwashe tarkacensa, sun tare wuri. Ya sa aka jawo abin da ya saura. Na yi zaton zai bar ta, sai na ga ya nemo waya. Ina daga ɗaki ina kallonsa yana ƙoƙarin murɗa bakin waya biyu su haɗu, abin da a da yake yi yana hira ba ya ko dubawa. Ta suɓuce. Ya ɗauka, ta sake suɓucewa. Ya yi ta yi har rana ta take, sa'an nan ya ajiye, ya sa hannayen tsakanin gwiwoyinsa ya matse su. Na fito da ruwa. Bai ɗago ba ya ce, "Hauwa, kira mini maƙera." Su suka sare ta, ta zama fartanya da kaskon suya. Sauran rayuwarsa ya yi ta a bakin kasuwa yana liƙin tayar keke, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Isyaku ya zauna a Kano, ya yi arziki, ya tara iyali. Ya aiko da gaisuwa da riga a farkon dawowar Yaya. Shi kansa bai zo ba. Na ce tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Amma zamani ya sauya, waɗanda suka gudu suka riƙa dawowa, shi bai tako ba har ya mutu. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Yaya kuwa in na tayar da zancen sai ya ce in bari, bai kai shi don a zo a gode masa ba.

Bara wani saurayi ɗan kasuwa daga Kano ya yi sallama a gidana, ya ce jikan Alhaji Isyaku ne, ya zo sayen fata, an ce ya nemi gidan a gaisa. Yaro mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Na tambayi sunansa, ya ce Sani. Ya ce kakansa ne ya zaɓa masa, kuma akwai wasu Sani biyu a gidan, amma ba a taɓa gaya musu dalili ba. Rabi tana nan, ita ma yanzu da jikokinta. Ta kawo masa ruwa, ta zauna ta ba shi labarin tun daga farko. Yaron ya yi kuka. Da ya tafi ta tattara kofuna, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, sunan dai an dawo mana da shi."

Tun ranar nake auna abin. A Kano akwai gida cike da mutanen da ba za a haife su ba da Yaya ya ji maganata a Juma'ar nan. A nan kuma akwai mace mai furfura da ta tashi ba uba, wadda har ya mutu ba ta saba da kiransa Baba ba. Dukansu biyu shi ya bari, kuma na kasa cewa ɗaya ya biya ɗaya. Na san dai da za a mayar da shi ranar, zai sake ɗaukar makullin, ni kuma zan sake cewa kada ya tafi. Allah ya jiƙan Yaya Sani, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba.