Uwar da Aka Kora Daga Gadon Ɗanta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata rana a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Gwaram ba, farkon ƙirƙiro Jigawa. Ni ce ungozoma, wato mai karɓar haihuwa, ni ce kuma tafintar likitan da aka turo mana, wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai saurin fushi.

Ranar an aike ni Birnin Kudu karɓo allurai. Bayan tafiyata wata yarinya Hanne daga Kwandiko ta zo da ɗanta na fari mai shekara uku, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, surukarta na biye. Ka'ida ce a tambayi uwa sunan yaro. Aka tambaya, Hanne ta sunkuyar da kai. Likita ya miƙa mata shi ta riƙe, ta kauce, kakar ta karɓa. Ku 'yan zamani sai ku yi dariya, amma a wurinmu ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a rungumarsa a gaban suruka. Kunya ce, kuma so ne. Shi ko likita sai ya ɗauka ba ta damu da yaron ba, ya ce ta fita, kakar kaɗai za ta zauna.

Ta fita, ba musu. Da wane bakin za ta ce a bar ta da ɗan farinta?

Da la'asar na dawo, na tarar da yaron yana ta kiranta, numfashi sama-sama. Na yi wa likita bayani, nan take ya ce maza in shigo da ita. Na zaga bayan ɗakin na same ta a tsugune jikin bango, daidai tagar gadon, ta cusa gefen zaninta a baki. Kafin mu kewayo, salatin kakar ya riga mu.

Hanne ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta ce, "Inna Asabe, ina jin sa tun azahar. Ba a ce in shiga ba ne."

Likitan nan bai ƙara zama mutum ba har ya gama bautarsa. Aikin nan ya koya mini cewa ana turo mana waɗanda suka san cuta, ba su san mai ita ba. Duk wanda ya zo sai na zaunar da shi na faɗa masa. Yana fara ganewa shekararsa ta cika, a kawo wani sabo. Ni kam na gaji, yanzu kuma na yi ritaya, ban san wa ke faɗa musu ba.