Ƙafar Gauraka da Tawa

Da na tsunkuli babban yatsan ƙafata ban ji komai ba, gabana ya faɗi. Kwana huɗu ke nan da maɗori ya ɗaure mini idon sawu da karare da tsumma, ina ɓoye a ɗakin ƙawata can bayan tashar Gaya. Yatsun sun yi sanyi, sun fara baƙi. Inna kuwa tana zaton ina Yamai.

A wannan halin Kaka Dije ta faɗo mini a rai.

Muna yara, bayan sallar isha'i muke zagaye bandarta, inda take ƙyafe kifin da Baba ya kamo a kogi. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Sai ta buga itace a ƙasa ta ce, "Ku matso, 'yan nema. Kifi bai nuna ba, bakina ya nuna."

Tatsuniyar gauraka na fi so. Wai tsuntsaye sun yi biki a kan yashin kogi, gauraka ce gwanar rawa. Daga zaune Kaka ke kwaikwayonta, kafaɗu da wuya kawai, mu yi ta ƙyalƙyala dariya. Ana tsakiyar kiɗa ƙayar kifi ta shige wa gauraka ƙafa. Ta dubi agwagi, waɗanda da ma suke cewa rawa aikin banza ne, sai ta naɗe ƙafar da ciyawa ta ci gaba. Kafin a watse biki ƙafa ta ruɓe.

"Mi ya ci ƙafar gauraka?"

"Ƙaya!"

"Ƙarya kuke, kunya ce. Ke Rabi, zauna, kar ki faɗa mini cikin wuta da tsallen nan naki."

Ni rawar na ɗauka, na bar mata darasin.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na ce zan shiga makarantar koyon rawa da wasan dandali a Yamai, Kawu Sani ya yi dariya har da riƙe ciki. "Rawa ma sai an je babbar lakwal? Ki zo bikin unguwa mata su koya miki." Baba ne ya tsaya mini. Wata bakwai ina miƙa jiki har cinyoyina su yi karkarwa, ina karanta tarihin raye-rayen Dendi da na Fulani. Saura sati biyu jarrabawa na yi tsalle na dira a karkace, na ji ƙas.

Na ji tsoron a cire sunana, na fi jin tsoron dariyar Kawu. Shi ya sa na hau mota na nufo maɗori, ban gaya wa kowa ba.

Kaka ta yi gaskiya, kunya ce. Sai dai ba ta taɓa tambayarmu laifin agwagi ba, wannan ne ke cina har yau.

Ƙawata ce ta tsorata ta kira Inna. Da aka kwance tsumman a asibiti, na ji masu jinya suna raɗa maganar yankewa. Kwana uku ina kwance ina jiran hukuncin likita.

Rana ta huɗu da hantsi likita ya danna ƙafar, na ƙwalla ƙara. Ya yi murmushi.

"Kin tsira, 'yata, ba za mu yanke ba. Za ki yi tafiya. Tsalle da juyi kam, ki manta da su."

Inna ta fashe da kuka tana hamdala. Ta fita baranda ta kira Kawu, ina jin ta.

"Yaya, ƙafa ta tsira. Rawar ma an ce ta ƙare. E, wallahi. Allah ya raba mu da ita cikin sauƙi."

Na ja zane na rufe fuskata.