Fitilar Abdussalamu a Hanyar Kore Mairuwa

A tashar Dogon Dutsi kowa ya san Abdussalamu direba da aibi guda: ba ya ƙarya. Idan fasinja ya tambaye shi ko mota ta kusa tashi, sai ya ce, "A'a, sai bayan Azahar." Fasinjan ya sauka ya shiga motar Luƙman, wadda ita ma sai bayan Azahar ɗin za ta tashi. Tun da ya fara zama wajen karatun malaman Sunna ya ɗage wando, ya bar gemu, ya daina ƙarya, abin da a sana'ar tuƙi ake gani kamar mutum ya cire wa motarsa hon.

Hanyarsa Dutsi zuwa Kore Mairuwa ce. Can kwalta ta ratsa ta bakin kasuwa, manyan motoci kuwa ba ruwansu da kasuwa. Motar Abdussalamu ta sha kwasar waɗanda aka kaɗe. Ta ƙarshe Habsatu ce mai tallar gyaɗa, ta cika a kujerar baya kafin su kai asibiti. Ya wanke kujerar da hannunsa.

Sai jandarmomi suka zo da radar, 'yar na'urar nan mai auna gudun mota, suka laɓe da ita ƙarƙashin wani dogonyaro daf da shiga gari. Direbobi suka yi abin da suka gada: wanda ya wuce su sai ya ƙyafta wa mai tahowa fitila, da rana tsaka, alamar akwai hukuma a gaba. Ba kowace fitila ake yarda da ita ba, don wasu tsokana suke yi. Ta Abdussalamu kuwa, da an gan ta ƙafa ta koma kan birki.

Abin da wa'azin liman da kukan uwaye suka kasa, tsoron tara ya yi shi. Manyan motoci suka koyi ladabi. Tabarmar da ake rufe gawa da ita a bakin kasuwa ta daɗe a naɗe, har mai shayi ya ara ya shimfiɗa wa baƙi. Mai ɗorin garin ya koma gonarsa ta gero.

Bayan damina aka ɗauke radar zuwa wata hanya. Abdussalamu ne ya fara tarar da inuwar dogonyaron babu kowa. Bai yi nisa ba sai ga bas ta taho kamar an koro ta, ranar kasuwa, mata na tsallakawa da ƙwarya a ka. Hannunsa ya kai ga fitila. Bas ta lafa. Ya yi istigfari har Dutsi, washegari ya sake.

Ya san da zarar an gane shi, sunansa ya tafi, birkin mutane ya tafi tare da shi. Aka kuwa gane. Luƙman ya tare shi a tasha, gaban jama'a.

"Ustaz, tun Salla nike rarrafe gindin iccen nan kamar mai neman allura. Ko jandarman naka aljannu ne?"

"Babu kowa wurin," in ji Abdussalamu. "Ƙarya na yi muku."

"Kai ɗin? Da gemun?"

"Da gemun."

Luƙman ya juya ya tafi lodi.

Washegari Abdussalamu ya nufi Kore Mairuwa, bai taɓa fitila ba. Daf da dogonyaron sai ga motar Luƙman ta fito daga gari. Ta ƙyafta masa. Ta bayanta ma ta ƙyafta, da tirelar da ke biye da su.

Ya duba gindin itacen, akuya kawai ya gani. Ya taka birki.