Kawu Mai Ji da Ido

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi a gaban injin saƙa, kuma abin da ya fito da shi daga masaƙar shi ne matattun kunnuwa. A can ciki ƙara ba ta barin a ji magana, don haka ma'aikata suka koyi duba leɓe. Har yau Kawu da ido yake ji, in kuma zai amsa, sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi.

Masaƙar ta yi shekara tara a rufe, tantabaru suka gaje ta. Sai wata mai zane ta karɓi ginin. Aka kwashe injinan, aka shafe bango da farin fenti, ɗakin rini ya zama wurin aikinta, babban zauren kuma wurin rataye zane. Ta ɗauki Kawu gadi, don shi kaɗai ya san inda bututun ruwa suka bi da inda rufin ke yoyo. Na yi murna. Zaman gida ya kusa kashe shi, mu ma ya kusa kashe mu da mita.

To, masu kallon zane mutanen raɗa ne. Sai su tsaya, hannu a baya, kamar masu dubiya a asibiti. Can sai Kawu ya yi wa wata sannu da zuwa, ta zabura har jaka ta faɗi. Aka yi masa magana, ya yi alkawari. Amma ta yaya mutum zai rage muryar da ba ya ji? Ƙarshe ya haƙura da magana gaba ɗaya, ya riƙa wuni a bakin ƙofa yana kallon bakin mutane.

Wata rana mai zanen ta matso ta tambaye shi me wasu baƙi biyu ke cewa a kan babban zanenta. Da ni ce, ƙarya zan shara mata, kowa ya huta.

"Sun ce bangon ya fi kyau babu shi, ranki ya daɗe," in ji Kawu, da muryar nan tasa, baƙin suna tsaye.

Jiya na kai masa maganinsa na same shi zaune, makullai a cinya. Ban taɓa ganin gajiya a fuskarsa haka ba, sai da zuciyata ta karye. Na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau. Gobe ki zo mini da buhu, in kwashe 'yan kayana."

"Ta sallame ka ne?"

"Ba ta faɗa ba tukuna. Yarinya ce mai kunya." Ya juya makullan a hannu. "Amma kwana uku ke nan, in za ta yi waya sai ta ba ni baya. Manaja ma haka ya riƙa yi, satin da za a rufe masaƙa."