Garmahon Baba da Waƙar Kai Amarya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da muka kai Yayata gidan miji a Yendi ba.

Lokacin ina budurwa a Salaga, Baba ya dawo fataucin goro daga Kumasi da garmaho, irin wanda ake murɗa wa hannu, da faifai guda ɗaya tak. A faifan akwai wata tsohuwar waƙar bege, gajeriya, mai daɗin amshi. Sai dai garmahon tsoho ne, ya sha wuya kafin ya zo mana. Waƙar takan fara da sauri, murya a sama, tana kaiwa tsakiya sai ta soma ja da baya, muryar ta yi ƙasa ta yi kauri, har ta ƙare kamar mai gyangyaɗi. Mu kuwa ina muka sani? Mun ɗauka haka ma'abota waƙar suka tsara ta. Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita ke ba da waƙa a gidanmu, har cewa take yi, "Kun ji wurin nan da mawaƙin ya sassauta? Nan ne shauƙi ya kama shi." Haka muka haddace ta, da gajiyarta da komai.

Al'adar zangon Yendi ita ce dangin amarya su ba da waƙa a ƙofar gida, dangin ango su amsa, sannan a shigar da ita. In waƙa ta watse, amarya ce za ta sha gori har ta yi jika. Yaya ta riƙe hannuna a cikin lori tana cewa, "Don Allah kada ku ba ni kunya."

Da la'asar muka jeru. Goggo ta ɗauko waƙar garmahon nan tsaf, matan Yendi suka amsa, tafi ya hau daidai. Muna isa tsakiya, sai muka fara sassautawa, muna saukar da murya kamar yadda muka koya. Su kuwa suka wuce abinsu! Suna amshi na gaba, mu muna can baya muna gurnani. Tafi ya rikice. Yaya ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska.

Sai kakar ango, wata 'yar tsohuwa mai bakin goro, ta tsaya tana kallonmu. Ta ce, "Kai! Ni na san wannan ciwon." Ta zagayo bayan Goggo, ta dafa kafaɗarta, ta shiga juya hannu a gadon bayanta kamar mai murɗa garmaho. Tana murɗawa tana rera mana baitin a inda ya kamata. Goggo, Allah ya jiƙanta, ba ta da girman kai. Ta miƙe wuya, ta ƙara sauri, murya ta koma sama, mu ma muka bi ta. Gida ya kaure da dariya da guɗa, muka ƙare waƙa tare, aka shigar da Yaya tana dariya har da hawaye.

Daga baya tsohuwar ta zaunar da mu. "'Ya'yana, waƙar nan tafiyar mai ɗauke da tulu gare ta, ba gudu ba tsayawa. Inda kuka ɗauki murya, nan za ku ajiye ta."

Tun ranar na koyi cewa abin da za ka kai gaban mutane, ka fara jin sa a bakin mai rai. Yaya ta yi jikoki a gidan nan ba wanda ya taɓa yi mata gori. Goggo ce dai, har ta rasu, in ta yi jinkirin tashi daga tabarma, sai wani ya ce a zo a murɗa ta.