Ranar da Mzee Kibwana Bai Tashi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga ofishin Babban Shugaban Majalisar Tsofaffin Zakarun Dambe na Gabashin Afirka da Tsibiranta Baki Ɗaya, zuwa ga iyalan marigayi da jama'ar unguwar Ngamiani da suka taru sadakar arba'in.

Labari ya iso mana cewa Allah Ya karɓi ran dattijo Mzee Kibwana Mwajasho ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, a ɗakinsa a garin Tanga, bayan jinyar ƙirji. Mun so zuwa, ayyuka suka riƙe mu. An gaya mana matarsa, Bibi Mwanakombo, ta sa an aro kujeru daga makarantar allo, ta jera su a inuwar mangwaro, ta hana kowa zama, ta ce na manyan dambe ne da za su zo daga Dar es Salaam. Kullum sai ta sa an goge su, har zaman makoki ya watse, masu kujeru suka zo suka kwashe abinsu. Bibi, ki karɓi wannan takarda a madadinmu.

Mzee Kibwana, kai ɗan wani zamani ne da ya tafi bai bar shaida ba. Da safe kana sauke buhuna a tashar jiragen ruwa, da yamma ka shiga fage da ƙurar siminti a gashinka. Safar dambe ta ƙungiya ce, wanda ya sauko ya cire ya miƙa wa mai hawa, da zufarta da warinta. Ba ku zaɓen abokin karawa. Wanda aka tsayar a gabanku shi ne rabonku. Ba wanda ya ɗauki motsinka a na'ura. Hoto ɗaya ne a bangon ɗakinka, shi ma danshin teku ya cinye rabin fuskar. Duk damben da ka yi a jikinka yake ajiye.

Kuma ba ka fito da shi don an roƙe ka. Wanda ya zo da ladabi ya tambaye ka labarin da, sai ka ce masa abin ya wuce, ka ci gaba da kurɓar gahawarka. Hanya ɗaya ce ake buɗe ka: a raina zamaninku a gabanka.

An gaya mana akwai wani mara kunya a unguwar, Sudi, ɗan acaɓa, wanda ya gano wannan tun yana ƙarami ya mai da shi sana'a. Kullum bayan la'asar zai jingine babur a wurin mai gahawa, ya gaishe ka kamar na kirki, sannan ya ciro waya ya kunna damben Fadhili, yaron da Tanga ke ji da shi yanzu. Fadhili na shiga fage da kiɗa da 'yan rakiya, ƙirji kamar ƙofar shago, turmi na biyu bai ƙare ba mutum na kwance. Sai Sudi ya kai wayar dab da hancinka.

“Mzee, tsakaninka da Allah, da wannan ka haɗu da shi ai da Bibi ta daɗe da yin takaba.”

Kai kuwa ba ka ko kallonsa. “Wannan faskare yake yi. Ku ba shi gatari ya taimaki masu tuya.”

“Ku fa rawa kuke yi. Turmi goma sha biyar ana zagaye kamar masu neman ɗan kunne.”

A nan kake ajiye kofin, wancan mai tsagaggen baki da ka hana a jefar. Ka tuɓe takalmi, ka tattare zane ka soke a ƙugu, ka ja da'ira a ƙasa da babban yatsan ƙafa, ka shiga ciki.

“Taso, ɗan banza. Ubanka ma a kafaɗata ya fara kallon dambe. Taɓa hular nan, in ka taɓa zamaninku ya fi.”

Masu gahawa su ja benci baya. Saurayi mai jini a jika ya yi ta kai naushi, tsohon da gwiwarsa ke ƙara in ya yi ruku'u ya yi ta gocewa da faɗin tafin hannu, bai fita daga da'irar ba. In yaron ya fara haki, sai ka ɗalle masa kunne da yatsu biyu, ka koma ka zauna. Ka ce 'yan yanzu hannu suke kallo, ku kuwa ƙafa kuke kallo. Su suna neman su gama da wuri a ɗora a waya, ku kuna neman ku koma aiki gobe da haƙoranku. Sudi ya ce haƙora nawa suka rage maka. Ka buɗe baki ka ce ya ƙirga, ka kusa cije masa yatsa.

Amma ba ka taɓa zaluntar 'yan yanzu a hukunci ba. Ka yarda sun fi ku ƙarfi, sun fi ku cin abinci, sun san darajar kansu. Abu ɗaya kuma ka ba su kai tsaye, saboda Mzee Shauri. Shi ne babban abokin karawarka, ɗan ƙungiyar jirgin ƙasa. A zamaninku alƙali ba ya tsai da wasa sai mutum ya kasa gane kusurwarsa, Shauri kuwa ba ya faɗuwa, tsayawa yake yana sha. Da ya manyanta kansa ya tafi. Kai ne kake kai masa shinkafa da kwakwa da kifi duk Juma'a, ka yanke masa farce, ka aske shi, ka zauna kana jin labari ɗaya yana maimaitawa. Wata rana kana dawowa ka ce wa Sudi, ba wasa a muryarka:

“A nan kam kun fi mu. Yanzu ana tsai da wasa mutum ya koma gida da sunayen 'ya'yansa a kansa. Wasu daga cikin abin da ya ɓace wa Shauri, hannun nan ne ya ɗauke.”

Shauri na nan. Duk Juma'a yana zaune a bakin ƙofa. An gaya masa ka rasu, ya yi kuka, ya manta, ya sake tambaya. Yanzu ba wanda ya san ko a ci gaba da gaya masa ko a ƙyale shi.

Da wani baƙo mai saurin ƙafa ya zo ya wahalar da Fadhili har ya yi nasara a kansa, kowa ya jira ka yi dariya. Sudi ma ƙin zuwa gahawa ya yi don kunya. Ka aika aka kira Fadhili, ka ja masa da'ira a bayan gida, ka fara koya masa inda ake ajiye ƙafa. Ba ku yi nisa ba ciwo ya kwantar da kai. Shekaranjiya Fadhili ya zo ya ja da'irar da kansa, ya ce tunda Sudi ya fi kowa tsayawa a gabanka, ya nuna masa yadda kake yi. Na tuɓe takalmi na shiga, na tsaya. Ban san komai ba. Duk shekarun nan hular nake kallo, ban taɓa duba ƙafarka ba.

Da kake kwance, masu dubiya suna shigowa a hankali suna yi maka sannu, kana kallon rufi. Sudi ya shigo ya ce ashe 'yan da haka suke, ɗan tari kaɗan sai kwanciya. Bibi ta ɗaga muciya za ta kore shi. Sai ga ƙafarka ta hagu ta motsa a ƙarƙashin mayafi, ta ja baya kaɗan, ta dama ta bi ta. Bibi ta ajiye muciyar ta ce gobe ma ya dawo.

Ranar Laraba ya dawo, ya tarar ka cika, an lulluɓe ka da mayafi. Ya durƙusa ya faɗa maka a kunne cewa Fadhili zai gama da kai a turmi ɗaya. Ya jira. Ya ƙara da cewa rawa kuke yi. Ba abin da ya fi wannan zafi a cikin abin da ya tanada, ya kuwa faɗe shi har sau biyu yana kallon mayafin.

Allah Ya jiƙanka, Mzee Kibwana. Allah Ya yafe maka abin da hannunka ya yi a fage, Ya sa abincin da ka kai wa Shauri ya tarbe ka a kabari, Ya yalwata maka makwanci, Ya tabbatar da ƙafarka ranar da ƙafafu ke zamewa. Allah Ya ba Bibi Mwanakombo da 'ya'ya da jikoki haƙuri, Ya dubi Mzee Shauri da rahama, Ya kyautata namu zuwan.

Bibi, a nan ya kamata hatimin Shugaba ya zauna. Na sassaƙa shi da tsohon takalmin roba, yana aljihuna, na kasa bugawa. Babu wata majalisa, babu ofishi, ba kuma wanda ya aiko. Kujerun nan ne suka tsaya min a rai, na ce bari in sa wani babba ya zauna a ɗaya ko da a takarda ne. Na san tun daga kofin kin gane ni, don ba shugaban da ya san tsagarsa. Ban da abin da zan iya kawo miki sai wannan. Abincin Juma'a kuwa ki riƙa zubawa, ni zan kai, in ya tambaya in ce Kibwana ne ya aiko.

Mzee, ban taɓa hular ba. Zamaninku ya fi. Da na ƙi faɗa ne don kada ka daina tashi.

Ni ne ɗan banzanka,
Sudi Mbaraka, ɗan acaɓan bakin kasuwa.