Mai Ɗinka wa Taurari Sutura

Kayan amare Ornella Giraudo take ɗinkawa a Torino kafin kamfanin ƙera tauraron ɗan'adam ya ɗauke ta. A nan ta tsufa, tana ɗinka bargo mai ruwan zinariya da ke kare taurarin daga zafi da sanyi. Duk wanda ta suturta, sai ta ce, "Amarya ta shirya."

Bayan ta yi ritaya, injiniya Tullio ya ziyarce ta.

"Uwargida, amaryarki ta fari mai ya ƙare mata. Mun tura ta can sama, inda muke kira maƙabarta."

"Bargon ya yage?"

"Ko zare bai tsinke ba."

Ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Ashe har da likkafaninta na ɗinka mata."